Yadda Ake Buɗe Shafin Kasuwanci a Facebook da Instagram, Makulli Kuma Ya Zauna a Hannunka

Yawancin masu sayar da kaya ta intanet a shafinsu na kansu suka fara, wato inda suke ɗora hotunan iyali, suna gaisawa da abokan makaranta, suna tafka muhawara. Da farko abin yana tafiya lafiya, tunda masu sayen farko 'yan uwa ne da abokai. Sai ciniki ya ɗan buɗe, sannan ƙuncin wurin yake bayyana. Facebook ba ya barin mutum ya wuce abokai 5,000 a shafinsa na kansa. Saƙon mai saye yana nutsewa cikin saƙonnin dangi. Idan kuma kana son wani ya taya ka amsa tambayoyin masu saye, ba ka da hanya sai ka miƙa masa kalmar sirrinka, ya riƙa ganin duk hirarrakinka.

Saboda irin wannan ne Facebook ya fito da shafukan kasuwanci tun 2007, Instagram ya bi sahu a 2016, manhajar WhatsApp Business kuma ta fito a farkon 2018. Duka ukun na kamfani ɗaya ne, wanda ya koma amsa sunan Meta a 2021, shi ya sa ake iya ɗaure su da juna su yi aiki tare. Buɗe su kyauta ne, kuma ba ya cin lokaci. Abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai shi ne wanda ya mallaki shafin. Na sha ganin shafi mai kyau, hotuna tsaf, mabiya dubbai, amma mai kasuwancin ba shi ke riƙe da makullinsa ba. Don haka zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, amma inda maganar mallaka ta taso zan ɗan tsaya.

Abin da za ka tanada kafin ka taɓa waya

Ka samu adireshin imel da kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa, da layin waya da aka yi wa rajista da sunanka, wanda kake sa ran riƙewa shekaru masu yawa. Layin da ka ari na wani, ko wanda kake barin sa wata da watanni babu amfani har kamfanin waya ya karɓe ya ba wani, bai dace da wannan aiki ba, domin ta kansa za a riƙa turo maka lambobin tantancewa. Sai ka yanke shawarar sunan kasuwancin, ka rubuta shi a takarda yadda kake so ya fito. Ka tanadi tambari ko hoto ɗaya da za a riƙa gane ka da shi, da hotunan haja ko na aiki guda biyar ko shida waɗanda kai ka ɗauka. Na ƙarshe, jimla ɗaya da ke faɗin abin da kake yi da wanda kake yi wa.

Mataki na farko: kulle asusunka na kanka

Shafin kasuwanci a Facebook ba ya tsayuwa shi kaɗai. A kan asusun mutum yake zaune, kamar bene a kan ginin ƙasa. Duk wanda ya shiga asusunka ya shiga shafin.

A nan mutane suke yin wani kuskure. Don gudun kada masu saye su ga rayuwarsu, sai su buɗe asusu na biyu, su sa sunan kasuwancin a gurbin sunan mutum. Wannan ya saɓa wa dokar Facebook, wadda ta ce asusu na mutum ne, da sunan da aka san shi da shi. Ranar da aka nemi ka nuna katin shaida, sunan kasuwanci ba shi da katin da zai nuna, sai a rufe asusun, shafin da ke kansa ya zama ba mai shi. Kuma tsoron ma ba shi da tushe: masu bibiyar shafin kasuwanci sunan shafin suke gani, ba sa ganin asusun wanda yake tafiyar da shi.

Ka shiga saiti, ka nemi cibiyar asusu, sannan sashen kalmar sirri da tsaro. Ka sauya kalmar sirri zuwa doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato makulli na biyu: ko da wani ya san kalmar sirrinka, ba zai shiga ba sai da wata lamba da ke sauyawa. Za a ba ka zaɓi tsakanin saƙon tes da manhajar tantancewa irin su Google Authenticator. Ni manhajar na fi so, domin ɓarawon da ya yi dabarar mallakar layinka zai iya karɓar saƙon tes. A wurin kuma akwai lambobin ko-ta-kwana guda 10. Ka kwafe su da biro a takarda ka adana. Ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa, su ne za su shigar da kai.

Mataki na biyu: buɗe shafin

A manhajar Facebook, danna layuka ukun nan da ke kusurwa. Nemi alamar tuta. Idan wayarka Turanci take yi, Pages aka rubuta a jikinta. Danna wajen ƙirƙirar sabo. Facebook yana yawan sauya wa madannai wuri, saboda haka idan ba ka ga abu inda na ce ba, yi amfani da wajen bincike na cikin saiti. Abu uku za a fara tambayarka: suna, rukuni, da taƙaitaccen bayani.

Suna shi ne abin da ya fi cancantar ka zauna ka yi tunani. Facebook ba ya karɓar sunan da kalmar gama-gari ce zalla, kamar a ce “Takalma” kawai. Ba ya son alamomi barkatai ko manyan baƙaƙe inda bai dace ba, ba ya yarda a sa kalmar Facebook a ciki, kuma kirari ko taken talla ba suna ba ne. Abin da ya fi aiki shi ne sunan kasuwancin haɗe da kalma ɗaya ko biyu da ke nuna sana'ar, ta yadda wanda bai san ka ba zai gane me kake yi daga kallo ɗaya. Kafin ka amince, rubuta sunan a wajen bincike na Facebook da na Instagram ka ga ko wasu sun riga ka. Idan shafuka goma suna amsa wannan suna, wanda aka turo wurinka zai iya faɗawa hannun wani. Ana iya sauya suna daga baya, amma sai an duba buƙatar, kuma mabiyanka na iya ruɗewa.

Rukuni kuwa, za ka fara rubuta kalmar sana'ar ne sai zaɓuɓɓuka su fito. Ana iya ɗaukar har uku, amma na farkon shi ke fitowa a fuskar shafin, don haka sa wanda ya fi kusa da gaskiyar aikinka.

Taƙaitaccen bayani wuri ne ƙarami, baƙaƙe 101 kacal. Kada ka ɓata shi da “barka da zuwa shafinmu” ko “inganci shi ne takenmu”. Kowa haka yake cewa. Mai gyaran waya zai iya rubuta: “Gyaran allo, batir da wurin caji. Muna faɗa maka kuɗin aiki kafin mu buɗe wayarka.” Wanda ya karanta wannan ya san abin da zai samu, ya kuma ji irin mutumin da zai yi hulɗa da shi.

Hotuna biyu na fuskar shafi

Ƙaramin hoton, Facebook zai yanke shi ya zama da'ira, kuma a gefen kowane saƙo zai riƙa fitowa bai kai ƙwayar wake ba a ido. Saboda haka duk abin da ke da muhimmanci ya zauna a tsakiya, kuma kada ka cusa rubutu mai yawa. Babban hoton na sama yana fitowa dogo a kwamfuta, a waya kuma a datse gefunansa. Idan ka sa lambar waya a can gefe, masu waya ba za su gan ta ba, su ne kuma mafi yawan masu ziyartarka. Bayan ka ɗora, duba shi a waya da kwamfuta duka biyun.

Cike bayanan tuntuɓa

Wannan ba shi da wuya: lambar waya, imel, adireshi idan akwai wurin da ake zuwa, da lokutan buɗewa da tashi. Idan daga gida kake aiki, ba dole ba ne ka sa adireshin gidanka. Akwai zaɓin faɗin yankin da kake kai kaya kawai. Lokutan aiki kuma ka sa na gaskiya. Shafin da ke cewa “a buɗe koyaushe” amma ba a amsa saƙo sai bayan kwana biyu yana zubar wa kansa da mutunci.

Sai madannin kira da ke ƙasan babban hoto. Kana iya sa shi ya zama na tura saƙo, na bugo waya, ko na WhatsApp. Zaɓi hanyar da ka san kana amsawa da wuri.

Kada ka manta da sunan adireshi, wanda ke zuwa bayan facebook.com/ kuma ake sa masa alamar @. Dole ya kai baƙaƙe biyar, kuma baƙaƙen boko na yau da kullum, lambobi da ɗigo kaɗai yake ɗauka. Baƙaƙenmu masu ƙugiya irin ɗ, ƙ da ɓ ba sa shiga, don haka ka duba yadda sunan zai karantu idan an cire musu ƙugiyar, kada ma'ana ta juye. Ka yi ƙoƙari sunan adireshin ya zama iri ɗaya a Facebook da Instagram.

Wa ke riƙe da makulli

Wata baiwar Allah mai ɗinki ta taɓa kawo mini wayarta, hankalinta a tashe. Shekara uku tana ɗora ɗinkunanta a wani shafi, masu saye sun saba da shi. Wani yaro da ke taya ta aiki shi ya buɗe mata tun farko, da asusunsa, ya sa ta a matsayin mai ɗora hotuna kawai. Da suka rabu, wata safiya ta buɗe manhaja ta ga shafin babu shi a jerin nata. Muka duba tare: shafin yana nan, hotunan ɗinkinta suna nan, amma an sauya lambar waya. Tana ta maimaita mini, “Ai ɗinkina ne, ga su nan.” Gaskiya ta faɗa, sai dai a wurin Facebook wanda ke da cikakken iko shi ne mai shafi. Daga ƙarshe sabo muka buɗe, ta fara tara mabiya daga ɗaya.

Don haka ka buɗe shafinka da hannunka, da asusunka. Idan ba ka iya ba, wanda ya iya ya zauna kusa da kai ya nuna maka, amma a wayarka. Kayan aro ba ya rufe katara.

A saitin shafin akwai sashen da ke nuna masu iko da shi. Iko kala-kala ne. Mai cikakken iko yana iya komai: ya ƙara mutum, ya cire mutum har da kai, ya ma goge shafin baki ɗaya. Mai taƙaitaccen iko yana iya wallafawa, ya amsa saƙo, ya duba alƙaluma, amma ba ya iya cire kowa. Akwai kuma wanda ake ba wa aiki takamaimai, kamar talla kawai, ya riƙa yi daga manhajar gudanarwa irin Meta Business Suite, wadda za mu zo kanta a gaba. Ma'aikaci, ko wanda ka ɗauka ya yi maka talla, taƙaitaccen iko ya ishe shi. Idan ya ce lallai sai cikakke, tambaye shi wane aiki ne ba zai yiwu ba sai da shi. Ranar da ya bar aiki kuma, a ranar za ka cire shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma akwai wani gefen. Idan kai kaɗai ne mai cikakken iko, aka rufe asusunka ko aka yi masa kutse, shafin ya zama maraya. Shawarata ita ce ka samu mutum ɗaya tak da ka yarda da amanarsa ƙwarai, wanda shi ma ya kunna makulli na biyu, ka ba shi cikakken iko don ko-ta-kwana.

Instagram

Nan abin ya bambanta: asusun kasuwanci yana tsayuwa da kansa, da imel da kalmar sirrinsa. Buɗe sabon asusu da imel ɗin kasuwancin. Shiga saiti, nemi sashen nau'in asusu, ka zaɓi komawa asusun ƙwararru. Za ka zaɓi rukuni, sannan a tambaye ka ko kai ɗan kasuwa ne ko mai ƙirƙirar abubuwan kallo. Mai haja ko mai aikin hannu na kasuwanci ya dace da shi. Ka san abu biyu tun yanzu: irin wannan asusu ba a iya rufe shi ya zama na sirri, kowa na iya gani, kuma waƙoƙin da aka yarda ka sa a bidiyonka sun fi na sauran mutane ƙaranci, saboda haƙƙin mallaka.

Taƙaitaccen bayani a nan baƙaƙe 150 ne, kuma ana iya sa adireshin intanet har biyar. Akwai wani gurbi da ake rainawa, gurbin suna, wanda ya bambanta da sunan adireshi. Binciken Instagram yana karanta shi, don haka ka sa kalmar sana'arka a ciki, yadda mutane suke rubuta ta idan suna nema. Alƙaluman da ke nuna shekaru da wuraren mabiyanka ba sa fitowa sai ka kai mabiya 100. Daga nan sai ka haɗa asusun da shafinka na Facebook. Asusun Instagram ɗaya da shafi ɗaya ake haɗawa. Shi ma ka kunna masa makulli na biyu.

WhatsApp Business

Yawancin ciniki a hira yake ƙarewa, shi ya sa wannan manhaja take da amfani. Lamba ɗaya ba ta aiki a WhatsApp na yau da kullum da na kasuwanci lokaci guda. Ko dai ka mayar da tsohuwar lambarka can, hirarrakinka su bi ka, ko ka ware wa kasuwancin lambarsa. Na biyun ya fi, kuma manhajojin biyu suna iya zama a waya ɗaya.

Cike bayanan kasuwanci, sannan ka gina kundin haja, inda kowane kaya ke da hotonsa da bayaninsa, har guda 500. Saita saƙon maraba, wanda ke zuwa wa duk wanda ya fara yi maka magana ko ya dawo bayan kwana 14, da saƙon da ke tafiya idan ka tashi daga aiki. Tambayoyin da ake yi maka kullum, rubuta amsarsu sau ɗaya ka adana a sashen amsar gaggawa. Da ka danna alamar / za su fito ka zaɓa. Adireshinka na kai-tsaye shi ne wa.me/ sai lambarka da lambar ƙasa a gaba, babu alamar tarawa, babu sifilin farko. Wannan za ka sa a Instagram. Don haɗawa da shafin Facebook, shiga saitin shafin, ka nemi sashen asusun da aka haɗa, sa lambar, za a turo maka lambar tantancewa ta WhatsApp.

Kafin ka fita, kunna lambar sirri mai alƙaluma shida ta tantancewa mai mataki biyu. Lambar rajista da ake turowa ta tes kuwa, babu wanda ya isa ka karanta masa ita, ko da ya ce daga kamfani yake.

'Yan damfara za su zo

Ba da daɗewa da buɗe shafi ba, sau da yawa saƙo yakan shigo da tambarin Meta, yana cewa shafinka ya karya doka, za a rufe shi nan da awa 24 idan ba ka danna wani adireshi ba. Idan ka danna, shafi ne mai kama da Facebook sak, yana neman kalmar sirrinka da lambar makulli na biyu. Gaggawar da suke cusa maka ita ce tarkon. Meta ba ya neman kalmar sirri ta saƙon hira. Idan da gaske shafinka yana da matsala, za ka gan ta a saitin shafin, sashen da ke nuna matsayinsa. Imel ɗin da kake shakka kuma, a sashen tsaro akwai jerin saƙonnin da kamfanin ya turo maka kwanan nan. Wanda ba ya cikin jerin, goge shi. Idan ka riga ka danna, sauya kalmar sirri nan take, ka fitar da duk na'urorin da ba ka sani ba, ka shiga facebook.com/hacked.

Kafin ka gayyaci kowa

Sauke manhajar Meta Business Suite. Tana tara saƙonnin Facebook da Instagram da sharhin mutane wuri ɗaya, tana kuma ba ka damar tsara abin da za a wallafa gobe ko jibi tun yau. Da ita ka fara ɗora abubuwa biyar ko shida: wane ne kai da abin da kake yi, hajar da ka fi alfahari da ita, ɗan gajeren bidiyon hannunka a kan aiki, da bayanin yadda ake oda da yadda kaya ke isa. Na ƙarshen nan ka maƙala shi a sama don ya zama farkon abin da baƙo zai gani. Hotunan su zama naka. Wanda aka kwaso daga shafin wani yana iya jawo ƙorafin haƙƙin mallaka, mai saye kuma idan kaya suka iso ba kamar hoto ba, ba ya dawowa.

Madannin talla zai riƙa bin ka yana roƙo. Kyale shi tukuna, sai ka yi makonni kana wallafawa ka ga abin da mutane suka fi tambaya a kai. Idan lokacin ya yi kuma wayarka iPhone ce, ka sani tun 2024 biyan kuɗin talla daga cikin manhajar yana ɗauke da ƙarin kashi 30 cikin 100 na kamfanin Apple. Idan ka biya ta shafin intanet a burauza, wannan ƙarin ba ya hawa kanka. Mabiyan da ake saya da kuɗi kuwa kada ka kusance su. Adadi ne kawai, ba sa saye, kuma suna lalata alƙaluman da za ka dogara da su.

Sai gwaji na ƙarshe. Karɓi wayar wani wanda ba ya cikin masu iko da shafin, ka nemi sunan kasuwancin kamar baƙo. Duba ko ya fito, ko hotunan sun zauna daidai. Danna madannin kira ka ga inda zai kai ka. Tura saƙo ka ga ko ya iso wayarka, ko saƙon maraba ya dawo. Danna adireshin WhatsApp da ke Instagram, domin alƙalami ɗaya da ya kuskure zai riƙa tura masu sayenka wurin wani mutum dabam. Idan duk sun yi, sai ka koma wayarka ka fara gayyata, ka fara da waɗanda suka taɓa saye a wurinka.